Idon Maƙeri da Ma'aunin Zafi

A wata maƙera a Bugaje, cikin ƙaramar hukumar Jibiya, wani dattijo yana ƙera lauje da tsohon sifirin mota. Ba shi da ma'aunin zafi, idonsa ne ma'auninsa. Yaro yana zuga gawayin ƙirya, shi kuwa yana jiran ƙarfe ya wuce ja mai duhu ya koma ja wur, sannan ya ɗora shi a kan uwar maƙera, masaba ta sauka. Idan baki ya fita, sai ya mayar da shi wuta, ya tsoma a ruwa.

Masana kimiyyar ƙarafa sun auna abin da idon nan yake gani. Da zafi ya haura digiri 727 a ma'aunin Salshiyas, ƙwayoyin zarra na ƙarfe mai sinadarin gawayi sukan fara sauya jeri. Sanyaya shi farat ɗaya yakan hana su komawa mazauninsu, sai bakin ya yi tauri, amma ya riƙa saurin karyewa. Dalili ke nan da dattijon yake sake ɗumama shi kaɗan. Da zafi da matsi ninkin-ba-ninkin wannan aka mayar da sinadarin gawayi daimon a kamfanin General Electric na Amurka a 1954.

Nazarin ƙira a fagen Hausa ya fi karkata ga sarautar maƙera da wasan wuta da tsatsube-tsatsube. Kalmomin da dattijon yake bambance matakan jan ƙarfe da su kuwa suna nan a bakinsa kawai, 'ya'yansa sun koma walda. Manazarci mai son tattara su ya hanzarta, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.