Sanduna Shida Daga Agege

Da aka sayar da gidan kakanmu na Agege, abu ɗaya mahaifiyarmu Hajiya ta roƙa: a yanko mata rassan bishiyar fulawar da ke bakin rijiya kafin magina su sare ta. Mahaifinta, marigayi Alhaji, shi ya dasa ta da hannunsa, a gindinta kuma yake shimfiɗa buzu bayan La'asar. Masu sayar da fulawa suna ce mata faranjifani ko fulumeriya. Mu dai "fulawar Alhaji" muka sani. Kun san ta ai, mai farin fure da ruwan ɗorawa a tsakiya, wadda ƙamshinta ke ƙaruwa da daddare.

Saƙon ya iso mana nan Sabon Ibadan ne a azumin 2025, cikin watan Maris, lokacin da kwanon ɗaki ke gasa mutum tun hantsi, ruwan sama kuma bai zauna ba. Kwana biyu kwalin ya yi a tasha kafin mu karɓo. Da muka buɗe, sai ga sanduna shida, kowace kamar kamu ɗaya, ganye duk ya yi yaushi. Autarmu ta ce, "Hajiya, wai wannan ce fulawar? Ai wannan itacen girki ne!"

Mu da ƙishirwar azumi ke damu, sai muka ɗauka sandunan ma ita ke damun su. Nan take muka cika baƙaƙen bokitan roba huɗu da baƙar ƙasa da taki, muka kafa huɗu, muka jera su kan siminti a tsakar gida, wai su sha rana. Ruwa da sahur, ruwa da buɗa-baki. Sauran biyun, don babu bokiti, muka bar su cikin kwali a bayan ƙofa, muka manta da su.

Kwana goma, gindin duka huɗun ya yi laushi ya yi baƙi, in ka matsa sai ruwa mai wari ya fito. Ga shi an riga an sare uwar bishiyar a Agege, ba inda za a sake yankowa. Hajiya ta duba, ta ce "Allah Ya sa haka ne mafi alheri," ta koma ɗaki. Wallahi da faɗa ta yi mana da ya fi sauƙi.

Washegari muka ɗauki ɗaya muka kai wa wani dattijo Bayarabe mai sayar da fulawa a bakin titi. Ya matsa ta da yatsa, ya girgiza kai.

"Yarana, ruwa kuka ba ta?"

"E, Baba, safe da yamma."

"To da wane baki za ta sha? Ba ta da saiwa!"

Ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Reshen wannan bishiya yana ajiye ruwa a jikinsa, shi ya sa yake da kauri. Daga baya muka karanta cewa asalinta daga Meziko ne da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan, kuma ta saba da rani. Muddin saiwa ba ta fito ba, jiƙaƙƙiyar ƙasa mai zafi ruɓar da reshen kawai take yi. Baƙin bokiti a kan siminti da tsakar rana kuwa, in ji Baba, tukunyar dahuwa ce.

Da muka ambaci biyun da muka manta, sai ya ce mu ruga mu duba. Mun tarar sun ɗan yamutse amma da tauri, bakin yankan ya bushe ƙayau. Ashe abin da ake so ke nan: a cire ganyen, a ajiye reshen a inuwa mai iska sati ɗaya zuwa biyu har ciwon ya warke, sannan a dasa.

Wannan karon mun bi maganarsa. Muka samo tukwanen ƙasa masu huji a gindi, muka haɗa yashi mai tsakuwa da 'yar ƙasa kaɗan, ba taki. Muka kafa kowace sanda zurfin yatsu huɗu, muka tokare ta da kara don kada ta motsa. Muka ɗora tukwanen kan katako a gefen katangar da ke samun ranar safe kawai, don zafin azahar yana ƙona fatar reshen. Ruwa sau ɗaya ranar dashe, shi ke nan. Muka kuma gargaɗi yara kan farin ruwan da ke fita in an karya ganye, don yana ƙona ido da fata.

Haƙurin ne ya fi wuya. Sau nawa muka kama Hajiya da buta a hannu! Sai ta yi dariya ta ce, "Alwala zan yi."

A sati na bakwai ƙananan ganye suka ɓullo a kan ta farko, bayan 'yan kwanaki ta biyu ta bi. Sannan ne muka fara ba su ruwa, shi ma sai ƙasar ta bushe, muna matsar da su rana a hankali.

Har yanzu ba su yi fure ba, Baba ya ce kada mu yi gaggawa. Amma Hajiya ta riga ta mayar da tabarmarta kusa da tukwanen, nan take lazimi bayan La'asar. Duk maƙwabcin da aka aiko wa irin wannan reshe a lokacin zafi, don Allah ya ajiye buta tukuna. In sun girma kuma, da yardar Allah, ku zo ku yanka.