Gucci, arzikin mutanen Doda

Doda wani yanki ne cikin Jammu da Kashmir, arewacin ƙasar Indiya. Ƙasar duwatsu ce masu tsawo. Kogin Canab yana ratsa ta. Mutanenta manoman masara ne da makiyayan awaki da tumaki. Gonakinsu ƙanana ne, a jikin dutse.

Da hunturu ƙanƙara takan rufe duwatsun. Cikin watan Maris sai ta fara narkewa. Lokacin nan hatsin bara ya ja baya, na bana kuwa ko shuka ba a yi ba. Sai jama'a su nufi daji neman gucci.

Gucci wani irin laimar kwaɗi ne da ake ci. Tsawonsa kamar yatsa. Kansa yana da ramuka kamar saƙar zuma, cikinsa kuma holoƙo ne. A can ba shuka shi ake yi ba. Da kansa yake tsirowa gindin itatuwa, inda ƙasa ke da damshi. Mutanen wurin suna cewa ya fi fitowa bayan ruwa mai tsawa.

Tun asuba maza da mata da yara suke hawan dutse. Launin gucci ya yi kama da busasshen ganye, don haka sai mai ido. Wani yakan wuni bai cika tafin hannu ba. Ga santsi, ga damisa. Wanda ya san wuri mai kyau ba ya faɗi.

A gida ana shirya shi a zare, a rataye bisa murhu ko a shanya. Ɗanye wajen kilo 10 ke ba da kilo 1 busasshe. Ƴan kasuwa sukan bi ƙauyuka su saye, su kai manyan birane, har Turai. A can yana da tsada ƙwarai, amma kuɗin mai tsinta bai kai na dillali ba. Duk da haka da su ake sayen abinci da tufafi.

Shekarar da ƙanƙara da ruwa suka yi ƙaranci, gucci ma sai ya yi wuya, gidaje da yawa su shiga matsi.

Ba a cin gucci ɗanye, sai an dafa sosai. Akwai kuma mai kama da shi, mai dafi. Mutanen Doda tun suna yara suke koyon bambanta su wajen iyaye. A Nijar ma laimar kwaɗi takan fito da damina, wata tana kisa. Wadda ba a sani ba, kada a kai ta baki.