Makarantar Da Yaƙi Ya Haifa

A shekara ta 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka kafa aikin Mishan na 'Yan'uwa a Garkida, cikin ƙasar Bura. Daga wannan aiki ne Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta fito. Amma akwai wani nauyi da masu bishara na wancan zamani suka ɗauka wanda ba a cika faɗinsa a majami'a ba. Idan yaro ya isa shiga makaranta, sau da yawa sai a bar shi a Amurka ko Ingila wurin dangi, iyaye su komo bakin aiki. Uwa takan yi shekaru ba ta ga fuskar ɗanta ba, sai wasiƙa.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, ko wannan hanyar ma ta toshe. A watan Afrilu na 1941 Jamusawa suka nutsar da jirgin ruwa mai suna Zamzam a tekun Atlantika, yana ɗauke da masu bishara da yawa tare da 'ya'yansu. Bayan wannan, wace uwa ce za ta sa ɗanta a jirgi?

Saboda haka a 1942 Mishan na 'Yan'uwa suka buɗe makarantar Hillcrest a Jos, da yara 12. Malama ta farko ita ce Mary Dadisman, wadda kuma ma'aikaciyar jinya ce. An zaɓi Jos domin tana kan tudu, wajen mita 1,200 bisa teku, akwai sanyi, ga kuma jirgin ƙasa da haƙar kuza ta jawo. Ba da daɗewa ba mishan na SIM su ma suka buɗe tasu a Miango, suka sa mata sunan Thomas Kent, ɗaya daga cikin mutum uku da suka fara iso ƙasar nan a 1893.

A 1955 waɗansu mishan, har da SUM da Assemblies of God, suka haɗa hannu cikin riƙon Hillcrest. Mutanen da ba su yarda da juna a kan baftisma ba, sai ga shi sun yarda a kan 'ya'yansu. Makarantar ta jeka-ka-dawo ce: yaran da iyayensu ke ƙauyuka masu nisa suna kwana a gidajen da mishan suka tanada, da safe su tafi aji tare da 'yan gari. Sannu a hankali aka ƙara sakandare, 'ya'yan 'yan kasuwa da na likitoci daga ƙasashe dabam dabam suka shigo, Kirista da waɗanda ba Kirista ba. Rikice-rikicen Jos na 2001 da 2008 da 2010 sun sa baƙi da yawa barin garin, amma makarantar ta ci gaba, 'ya'yan ƙasa suka cika kujerun.

Yau nauyin ya sauya kafaɗa. Mai bishara da ke tashi zuwa wata ƙasa, sau da yawa Bahaushe ne ko Bature na da bai taɓa jin sunan ƙauyensu ba. A ɗauka ikkilisiya ta aike shi Sokode ko Dapaong a ƙasar Togo. A zango zai sami masu jin Hausa, amma a makaranta Faransanci ake yi. Ko ya sa 'yarsa ta fara karatu daga tushe da baƙon harshe, ko ya bar ta a gida wurin kakarta. Hawayen matarsa ba su bambanta da na matan Garkida ba.

Waɗanda suka kafa Hillcrest sun gane cewa wanda ya aiki uba ya ɗauki alhakin ɗa. Ikkilisiyar da ta ɗibiya wa mutum hannu ta sallame shi, ya kamata tun a wannan rana dattawa su zauna su tambaya: ina yaransa za su yi karatu, wa kuma zai biya?