Zuwanmu Bikin Hilal Ahmar a Sannar

Mu ne ɗaliban aji shida, kuma Malam ya ce mu rubuta wa littafin bana labarin zuwanmu bikin Hilal Ahmar, don ƙannenmu da ba su je ba su ji.

Zumuncin madrasarmu da wannan jam'iyya ya fara ne a daminar 2020, shekarar da kogin Nil ya cika ya tumbatsa har gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci ta wata uku a Sudan baki ɗaya. Ruwa ya ci gidaje da yawa a wilayar Sannar, mu ma a nan Mai Wurno katangar ajinmu ta zube. Matasa masu jar riga ne suka zo mana da tamfol da gidan sauro da ƙwayar tsabtace ruwa. Tun daga nan suke leƙo mu. Shi ya sa da takardar gayyata ta iso, aka zaɓi mu goma sha biyu, maza da mata.

Kafin tafiya sai da aka yi muhawara. Bikin ana yin sa ranar 8 ga Mayu kowace shekara, ranar haihuwar Henri Dunant, mutumin Suwizalan da aka haifa a 1828. Wani dattijo a cikin iyayenmu ya ce, "Malam, yaran Alƙur'ani me ya kai su maulidin Bature?" Malam ya amsa da ladabi, "Baba, ranar da katanga ta faɗi ba su tambaye mu ƙabilarmu ba. Wanda ya zo maka ranar kuka, ai ka je masa ranar dariya." Baba ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Mun tashi ranar Lahadi, 8 ga Mayu 2022, kwana shida bayan ƙaramar Sallah, muna sanye da kayan Sallarmu. Sannar ba nisa, kafin rana ta yi zafi mun isa. An kafa rumfa, an jera kujeru, an buɗe taro da karatun Alƙur'ani, kuma ɗaya daga cikinmu aka ba makirfo ya karanta. Wallahi gabanmu ya faɗi, amma bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

A jawabai muka ji tarihin da ba mu sani ba. Dunant ya ga dubban sojoji masu rauni an bar su a filin yaƙin Solferino a Italiya a 1859, babu mai ba su ko ruwa. Daga nan aka kafa kwamitin agaji a Janiba a 1863. Alamar jinjirin wata kuwa Daular Usmaniyya ce ta fara amfani da ita a yaƙinta da Rasha a shekarun 1870. Jam'iyyar Sudan an kafa ta a 1956, shekarar da ƙasa ta samu 'yanci. Ƙa'idarsu ita ce a taimaki mai buƙata ba tare da duba addini ko yare ko launi ba.

Wannan magana ta taɓa mu, domin mun san asalinmu. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas da ƙafa, har suka sauka a bakin wannan kogi suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Baƙi ne masu ƙishirwa suka iso, wasu suka ba su ruwa. Jikan irin waɗannan mutane bai kamata ya zama mai karɓa kullum ba.

Bayan sha da ciye-ciye aka koma aiki. Sun nuna mana yadda ake ɗaure rauni, da yadda ake kwantar da wanda ya suma a kan gefensa. Sun koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Sun kuma ja mana kunne kan wanka a tur'a, saboda tsargiya da ke shiga fata daga ruwan da dodon-koɗi ke zaune, cutar da ta daɗe tana damun ƙauyukan Jazira. Nan samarinmu suka sunkuyar da kai, don kowa ya san inda suke yini da rani.

Abin da ya fi tsaya mana shi ne wata tsohuwa Bahaushiya da ta zo awon jini. Ma'aikaciyar na yi mata bayani da Larabci, ita kuwa sai "na'am, na'am" take yi, ba ta gane ba. Wata a cikinmu ta durƙusa ta ce, "Inna, cewa take ki rage gishiri, ki sha maganin kullum da safe, ko kin ji sauƙi kada ki daina." Fuskar Inna ta washe, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Ashe yarukan nan biyu da muke riƙe da su, na gida da na makaranta, su ma kayan agaji ne.

Da muka dawo muka roƙi Malam abu biyu, ya kuma amince. Na farko, a ajiye akwatin agajin gaggawa a ofis, kowane aji ya riƙa sa abin da ya samu. Na biyu, duk ranar da masu jar riga suka shigo gari, a ba su ɗalibai biyu masu tafinta. Ku 'yan aji biyar, baɗi aikin zai dawo hannunku, sai ku fara koyon sunayen cututtuka da Hausa da Larabci tun yanzu.

Allah ya kare garinmu daga ambaliya da annoba. Amin.

Ɗaliban aji shida