Allurar Sa Barci Ga Jemagun 37

Duk wanda ya taɓa hawa turoturo daga Nima ko Mamobi ya bi ta wajen Asibitin Soja na 37 a nan Ankara ya san jemagun nan da ke lilo a kan itatuwa, kai ƙasa ƙafa sama. Da rani sukan kai dubban ɗaruruwa, in damina ta kawo kai kuma yawancinsu su yi arewa. Mutanen gari suna cewa wai wani sarkin Kibi suka rako asibiti, ya rasu a can, su kuwa har yau suna jiran a sallamo shi. Mu dai abin da muka fi saninsu da shi shi ne kuka da kashi a kan riga da rufin mota.

To, ga wani abu da yawancinmu ba mu taɓa kawowa a rai ba: likitocin dabbobi suna yi wa jemage tiyata. Ana ɗora masa karayar fiffike in danƙon yara ko wayar lantarki ta same shi. A gidajen namun daji na Turai, inda ake ajiye jemagen Masar, ana fiɗiye mazan don kada su yi wa keji yawa. Masu bincike kuma sukan sa wa jemage 'yar na'ura a jiki domin a bi sawun tafiyarsa. Duk wannan ba ya yiwuwa sai an sa shi barci, kuma a nan wahalar take.

Babban jemage irin namu na 37 nauyinsa wajen giram 300 ne, na Masar kuwa rabin haka. Jinin jikinsa duka bai wuce babban cokali 2 ba. Magani kuwa da nauyin jiki ake auna shi. A ce za a ba shi ketamin miligiram 5 a kan kowane kilo, rabon jemagenmu miligiram 1.5 ke nan, wanda a kwalbar da likitocin dabbobi suka saba amfani da ita bai kai ɗigo ɗaya ba. Saboda haka sai an ɗora shi a sikeli tukuna, a tsarma maganin da ruwan allura, sannan a zuƙa da ƙaramin sirinji irin na masu ciwon sukari. Hannu ya ɗan zarce, shi ke nan, jemage ba zai farka ba.

Hanyar da aka fi sabawa da ita a manyan asibitocin dabbobi ita ce a shaƙa masa iskar isofuloren ta 'yar hular hanci. Tana da kyau, domin ana iya ƙarawa ko ragewa nan take. Amma tana bukatar inji mai tsada da tukunyar oksijin, abin da ba za a ɗauka a kai bakin kogo ko cikin kurmi ba, kuma da zarar an rufe ta zafin yanka ya dawo. Shi ya sa ake neman haɗin allura. Galibi akan gama magunguna biyu ko uku a sirinji ɗaya: medetomidin mai kwantarwa da rage zafi, midazolam mai sassauta jijiyoyi, da ketamin kaɗan. Ana haɗa su ne domin a rage yawan kowanne. Aibin allura shi ne in ta shiga ba ta fitowa, amma medetomidin yana da makari, wato atipamezol, midazolam ma yana da nasa. Ketamin ne ba shi da shi, sai jiki ya narkar da shi don kansa. Af, wannan ketamin ɗin, wanda aka fara haɗawa a Amurka a 1962, shi ne dai wanda ƙananan asibitoci da yawa a Afirka suke yi wa matanmu tiyatar haihuwa da shi inda babu injin iska.

Bayan allura sai tsaro. Fiffiken jemage fata ce siririya mai faɗi, ta nan zafin jiki ke tserewa, don haka ana naɗe shi a sa masa gorar ruwan ɗumi a gefe. Ba a barinsa da yunwa mai tsawo kafin aiki, domin abinci ba ya daɗewa a cikinsa, sukarin jininsa kuma yana saurin sauka. Medetomidin yana rage bugun zuciya, sai ana saurarawa. In ya fara motsi akan sa shi cikin tsumma a wuri mai duhu har ƙafafunsa su iya riƙe abin rataya, sannan a ba shi ruwan 'ya'yan itace.

Wani zai ce, ana fama da kuɗin asibitin mutane, wa ke ta jemage? Tambaya ce mai nauyi, amma a ganinmu aikin bai zama ɓarnar kuɗi ba. Bincike a kan jemagun Ankara a 2016 ya nuna suna iya kai irin itace har nisan kilomita 75, kuma suna cikin masu shuka odum, wanda muke kira loko, ba tare da an biya su ko sisi ba. A ɗaya gefen, jemagen Masar shi ke ɗauke da cutar Marbug, wadda ta ɓulla a yankin Ashanti a Yulin 2022 ta kashe mutum 2. Wani ƙiyasi na 2011 kuma ya ce ana sayar da jemagu aƙalla 128,000 a shekara a kudancin Gana domin ci. Dabbar da ke kwana a kanmu, take kuma shiga tukunyar maƙwabta, dole a san abin da ke jininta, kuma jemagen da ke barci ba ya cizon mai duba shi.

Yaranmu masu danƙo kuwa a gaya musu: in sun ga jemage a ƙasa, da rai ko a mace, kada su ɗauka da hannu.