Goɗiyar Kawu da Dawakin Salula

Mu huɗu ne a ajinmu muke kiwon dawaki cikin salula. Sunan wasan Equideow, wani kamfanin Faransa mai suna Owlient ne ya fito da shi a 2005, masu Ingilishi kuma suna ce masa Howrse. In ka yi rajista ana ba ka duƙushi ɗaya, ka ciyar da shi, ka shayar, ka goge masa jiki, ka kai shi horo, ka kwantar da shi. Kwana ɗaya a wasan wata biyu ne a rayuwar dokin.

Abu shida ake aunawa a jikin kowane doki: juriya, sauri, ladabi, sukuwa, sassarfa da tsalle. Sai wani ma'auni da ake kira BLUP, wanda yake tashi daga -100 ya tsaya a 100. Doki ba ya kai 100 sai ya shekara 10, ya zo na ɗaya sau 20 a gasa, kuma an cika masa horo a fannoni ukun da irinsa ya fi ƙwarewa. Mai gaggawa yana kai goɗiya barbara tun tana shekara biyu da rabi, ya tara ƴaƴa barkatai waɗanda ba su cin gasa. Mai haƙuri yana jira iyayen su ƙosa, sai ɗan ya zo da gado mai kauri. Wannan BLUP ma ba ƙirƙirar masu wasa ba ce. Lissafi ne da wani masani ɗan Amurka, Charles Henderson, ya tsara, ana amfani da shi wajen zaɓen irin shanun madara.

To, a gidanmu na Gidimuni akwai goɗiya ta gaske, ita kaɗai ta rage a bargar da aka ce dā turke biyar ne a ciki. Ta Kawu ce. Da na je bakans na nuna masa garkena, ya ƙura wa salular ido, ya ce, "Ɗan nan, waɗannan mi suke ci?" Na ce forfe. Ya yi dariya har da tari. Amma da na yi masa bayanin jiran iyaye su ƙosa, sai ya gyara zama.

"Wannan kam gaskiya suka faɗa maka. Ni ban taɓa sayen duƙushi ban ga uwarsa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Ranan ya nuna mini yadda ake buɗe bakin doki a karanta shekarunsa a haƙori, da yadda ake shafa ƙafa daga gwiwa zuwa kofato a ji ko akwai kumburi, da faɗin ƙirjin da ake nema. Ya ce ingarman da ya ba goɗiyarsa ciki, sai da ya yi sallah biyu yana kallonsa a wurin sukuwa kafin ya je ya roƙi mai shi. Abin da nake yi da danna yatsa, shi wata goma sha ɗaya yake jiransa, yana ba ta dusa da harawa da kanwa, da gero daga rumbun da mu ma muke ci.

Nan ne rigimar take. Yayyena, ƴaƴan Kawu, so suke a sayar da ita a sayi babur. Kuma ba shirme suke faɗa ba. Babur yana ɗaukar rake da dabinon lambunan bakin tafki ya kai kasuwa, ya dawo da kuɗi, in mace tana naƙuda ya kai ta likita cikin dare. Goɗiya kuwa ko shekarar ta yi kyau ko ba ta yi ba, sai ta ci. Amsar Kawu ɗaya ce: babur in ya mutu akwai dubunsa a kanti, ita kuwa jikar goɗiyar mahaifinsa ce, in ta bar gidan iri ya yanke.

Mu duka mun karanta a lakwal cewa Sarki Tanimun ya ɗaukaka Damagaram da ganuwa da igwa da rundunar mahaya. Ba a gaya mana wa ya yi kiwon dawakin ba. Mutane irin Kawu ne, a ƙauyuka, kowa da turkensa. Farin 1973 da na 1984 sun ci dabbobi da yawa, babur ya zo ya karɓe aikin sauran. Ranar hawan sallah muna tururuwa ƙofar fada muna ɗaukar hoto, amma mu nawa ne za mu iya bambanta bidi da hurde? Ni akawal da kili kaɗai na sani, baƙi da fari, alhali sunayen launin dawakin wasan na haddace su da Faransanci.

Ban daina wasan ba, kuma ba na cewa kowa ya daina. Shi ya sa mini tambayoyin da na kai wa Kawu, tambayoyin da ya ce ya fi shekara goma ba wanda ya yi masa. An dai tsaya a kan ba za a taɓa goɗiyar ba sai ta haihu, in mace ta haifa a riƙe ƴar. Ni na ɗauki alkawarin kuɗin forfe na wata-wata, rabi zai koma dusa.

Ƴan uwa, duk wanda yake da tsoho mai doki a garinsu, in ya je bakans ya tafi da kaye da bik. Ya rubuto sunayen launi, da na kayan hawa, da cututtuka da maganinsu. Ni na riga na cika shafi bakwai. In mun haɗa, sai mu fitar da su a ɗan littafinmu na gaba.