Baturen Ayilan da Akawun Fada

Mu 'yan ƙasar Gaya da Ajingi da ke karatun malanta a nan, cikin littattafan mutanen Ayilan babu wanda ya ta da gardama tsakaninmu kamar Mister Johnson, wanda Joyce Cary ya wallafa a 1939. Shi wannan Bature an haife shi a garin Derry a 1888, ya yi aikin Joji a ƙasar Borgu, ya bar Nijeriya a 1920. Watau ya sha ruwan Arewa, ba labari ya ji ba.

Labarin wani akawu ne ɗan Kudu, a garin da marubucin ya kira Fada. Ubangidansa Rudbeck ba shi da zance sai na hanyar mota. Da kuɗin aiki suka ƙare, sai Johnson ya koya masa juya lissafin baitulmali, ya kuma tara masa ma'aikata da kiɗa da waƙa. Daga baya ya kashe wani Bature mai kanti, aka yanke masa hukuncin kisa, ubangidan nasa ne ya harbe shi da hannunsa.

Wajen aikin hanyan nan muka fi daɗewa. Duk wanda ya taɓa ganin gayya a gonakin Ajingi ya sani, kadan makaɗi ya kama kirarin saurayi, sai ya manta da zafin rana. Cary ya ga wannan, ya kuwa rubuta shi daidai, a nan mun sara masa. Amma abin da tsofaffinmu ke faɗi game da hanyoyin zamanin Nasara dabam ne: dogari ya zo wurin dagaci, a ɗebi mutane, gero na gona bai sha maimai ba. Mun nemi muryar manomin nan cikin littafin, ba mu ji ta ba, alhali kuwa Waziri mai sayen asirin ofis an ba shi baki har ya ishe shi.

Waɗansunmu suka yi mamaki, suka ce ashe mutumin ƙasar da Ingila ta mallaka, inda yunwar da ta fara a 1845 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, zai kasa ganin talaka? To, gidan su Cary masu filaye ne, kakanninsa su ke karɓar kuɗin gona daga manoma.

Haushin littafin nan ya kama Chinua Achebe tun yana ɗalibi a Ibadan, sa'an nan a 1958 ya fito da nasa, Things Fall Apart, sunan kuwa daga waƙar Yeats ya ɗauko shi, wani mutumin Ayilan ɗin.

Mu dai ba mu daidaita ba. Akwai masu cewa Johnson wawa ne da aka ƙaga don Turawa su yi dariya. Sauranmu tausayinsa muke ji, gama yaro ne da aka koya wa alƙalami, aka tura shi garin da ba shi da kowa, albashi bai kai ƙarshen wata, ga masu bin bashi a bakin ƙofa.